Hattara da masu sayar da 'yan tsaki da sunan da ba nasu ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kaji, musamman iyayenmu mata da ke kiwo a tsakar gida. Akwai wata damfara da ta yi yawa a WhatsApp da Facebook, har da bakin tasha, kuma takan fi ƙamari idan azumi ya ƙarato, lokacin da kowa ke son zuba kajin da za su isa yanka da Sallah. Mutum zai ɗora hoton ƙosasshiyar kaza, ya ce 'ya'yanta yake sayarwa, broila ko Noiler (kazar kamfani ta nama da ƙwai) ko Brahma (ƙatuwar kaza mai gashi a ƙafa) zalla, ya karya farashi, ya ce a turo kuɗi kafin mota ta taso. 'Yan tsaki kam za su iso lafiya ƙalau. Sai dai ba su ne kika biya ba.

Abin da ya ba su ƙofa shi ne ɗan tsakon kwana ɗaya ba ya nuna asalinsa ga wanda bai ƙware ba. Kafin gaskiya ta fito an ci buhun abinci, an ƙona gawayi, an sayi rigakafi, shi kuma mai kayan ya daɗe da cinye kuɗinsa.

Kamfanonin ƙyanƙyasa, waɗanda akasarinsu ke Ibadan da kewayenta, idan sun ƙyanƙyashe kajin ƙwai kusan rabi mata ne rabi maza. Matan su ne kuɗi. Mazan kuwa da arha ake sayar da su, kuma babu ɓoye-ɓoye, kwalinsu na ɗauke da sunansu. A jajayen kajin ƙwai irin ISA Brown an haɗa iyayen ne yadda launi zai raba jinsi tun ranar farko: macen ja-ja, namijin fari mai ruwan ɗorawa. To, ɗan broila ma haka launinsa yake. Sai maha'inci ya sayi waɗannan mazan, ya juye su cikin tsohon kwalin broila, ya sayar a ƙasa kaɗan da farashin kasuwa. Ke kina murna kin samu sauƙi, shi ya ninka uwar kuɗinsa.

Sikeli ne ke tona wannan asirin. Ɗan tsako kan fito da nauyin giram 40 ko kusa da haka. Broila ta gaskiya, idan ta samu abinci da ɗumi, takan ninka wannan sau huɗu a mako guda, a mako shida kuma ta kai wajen kilo 2. Namijin kazar ƙwai ba ya kai giram 100 a makon farko, a mako shida da ƙyar ya wuce rabin kilo. Ko babu sikeli ido zai gani. Broila ƙafarta kauri, ƙirjinta faɗi, ta ci ta kwanta gefen abinci. Wancan kuwa siriri ne, sai guje-guje da ɗarewa kan mazubin ruwa, kafin mako biyar zankonsa ya fara ja. Idan kika kira mai kayan, amsar da ya tanada ke nan: "Hajiya, ai abincinki ne ba shi da kyau." Kada ki yarda ki ƙara kashe kuɗi kan magungunan sa ƙiba. Jininsa ne haka.

A baƙaƙen kajin ƙwai kuma namijin na zuwa da farin ɗigo a tsakar ka, macen babu. Duk wanda ya kawo miki masu ɗigo ya ce mata ne za su yi ƙwai, zakaru ya kawo. Amma wannan alama a kan irin wannan haɗin kaɗai take aiki, ba a auna kajin Hausa da ita.

Noiler ta fi sauƙin shiga da ƙarya, domin dama launinta gauraye yake, akwai baƙa, akwai ja, akwai wake-wake. Kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo ne ya samar da ita. Sai a haɗa fararen maza da baƙaƙe da 'yan tsakin gida a kwali ɗaya, a ce ga Noiler. Wasu kuma ƙwan Noiler ɗin gidansu suke sa wa a injin ƙyanƙyasa, zakaran da ya taka ta ma ba su san shi ba. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa. Laifin shi ne karɓar kuɗin ta kamfani.

Inda aka fi yi wa mutane yankan ƙauna shi ne Brahma, saboda kuɗinta ba kaɗan ba ne, kuma masu sayenta sha'awa ce ta kawo su. Mai tallar zai ɗaga ƙafar ɗan tsako a bidiyo ya ce, "Ga gashi nan, ka gani da idonka." Gashin ƙafa gado ne mai rinjaye. Zakaran Brahma ya taka kazar Hausa, 'ya'yan za su iya fitowa da gashi a ƙauri, sai dai tsilli-tsilli. A Brahma ta asali gashin na saukowa ta gefen waje na ƙafa har kan yatsan waje da na tsakiya. Zankonta ɗan ƙarami ne a kwance mai layi uku, ba ya miƙewa kamar zarto. Idan ɗan tsako ya yi wata biyu ka ga zanko na tasowa tsaye da haƙora, to ko dai Cochin ne, wadda ita ma ƙafarta gashi ne, ko ruwa biyu. Shi kansa ƙaramin zankon yana rinjaye a gado, don haka ruwa biyu ma na iya zuwa da shi. Kai, har yatsu ka ƙirga: biyar da baƙar fata jinin Silkie ne, wani irin kaji daban. Sannan Brahma jinkirin girma gare ta, kuma da wannan suke fakewa. Wata huɗu kana cewa ba ta girma, ana ce maka ka yi haƙuri haka suke.

Ni a ganina duk waɗannan alamomi na kama ƙaryar da ta yi yawa ne kawai, ba sa tabbatar da zalla. Mai son Brahma ya je ya ga uwa da uba, ya duba ko a keɓe suke ko suna yawo da sauran kajin gidan. Gidan da ƙaramin zakaran Hausa ke zagaye akurki, babu wanda zai rantse a kan uban ƙwan. Wanda ya ce ba a zuwa gonarsa saboda cuta, uzuri ne mai ma'ana, amma ya kira ka ta bidiyo kai tsaye ya nuna iyayen, kada ya turo hoton da ya ɗauko a intanet. In ya ƙi wannan ma, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Na kamfani kuwa, a saya wurin dilan da ke da shagon da za a iya komawa, a karɓi kwali mai sunan kamfani da ranar ƙyanƙyasa, wanda ba a yi wa kwaskwarima da salatif ba, a nemi rasit da aka rubuta irin kajin a jiki. Masu haɗa kuɗi su raba kwali mai 50, su wakilta mutum ɗaya ya tsaya a buɗe a gabansa. A ajiye kwalin da hirar WhatsApp da shaidar tura kuɗi. Ranar kwana bakwai a aro sikelin mai shago a auna goma daga ciki. Idan broila aka ce kuma babu wanda ya kai giram 100, a ɗauki hoton sikelin da ɗan tsakon a kai, a tura wa mai kayan da shugaban zauren da aka ga tallar, tun lambarsa na shiga.