Katin wankin hoto kala huɗu na gwada a kan fuskar kawuna, ga wanda ya ci

Wata uku kenan ina fama da hoto guda ɗaya, hoton kawuna da na ɗauka ranar ƙaramar sallah a zauren gidansa, yana cikin farar babbar riga da farin rawani, shi kuma mutum ne baƙi sosai masha Allah. Duk wanda ya taɓa wanke irin wannan hoton a ɗakin duhu ya san wahalar da nake nufi, in ka bi rigar don aikin wuyanta ya fito sai fuska ta nutse ta koma gawayi, in kuma ka bi fuskar sai riga ta tafi fari fat ba komai a ciki sai takarda. To a kan wannan nagatif ɗin, wato fim ɗin da ake fitar da hoton daga jikinsa, na gwada kati kala huɗu, shi ne na ce bari in faɗi abin da na gani ko wani ya huta da asara, don kayan nan ba a shagon unguwa ake samunsu ba, sai ka yi oda daga waje ko ka lallaɓa wani mai dawowa daga Ingila ya saƙa maka kwali ɗaya a jaka, ga canjin kuɗi kuma kowa ya san halin da ake ciki.

Dama zaɓin ba yawa gare shi yanzu. Kodak sun daina yin katin baƙi da fari tun 2005, a shekarar ne kuma kamfanin hoto na Agfa ya durƙushe. Waɗanda suka rage da za ka samu ba wahala su ne Ilford, da kamfanin Harman ke yi a Mobberley kusa da Manchesta, sai Foma na ƙasar Cek. Kuma kowane kati cikin biyu ne, ko RC ko FB. RC takarda ce da aka rufe gaba da baya da siririyar leda, magani baya shiga cikinta. FB kuwa takarda ce zalla mai kauri da aka shafa wa farin sinadarin barita kafin a zuba maganin hoton, tana shan ruwa da magani kamar soso, kuma daga nan duk daɗinta da duk wahalarta suka samo asali.

Da Ilford Multigrade RC Deluxe na fara, mai fuskar da suke kira Pearl, wato ba mai ƙyalli sosai ba kuma ba dishi-dishi ba. Wannan kam ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Minti ɗaya a dibelofa, maganin da ke fito da hoton, rabin minti a fiksa, maganin da ke zaunar da shi kar haske ya ɓata shi, wankin minti biyu, ka rataye, kafin ka gama shan shayi ya bushe a miƙe sambal. Yana karɓar filta, wato ƴan ledoji masu launi da ake sa wa hasken inlaja (na'urar da ke haska nagatif a kan kati) don rage ko ƙara bambancin baƙi da fari, daga 00 mafi taushi har 5 mafi ƙarfi, don haka na raba hasken gida biyu, na ba shi 00 don aikin rigar ya fito, sannan na ɗan taɓa shi da 5 don baƙin ya zauna, ina tare wa fuskar haske da ɗan kwali a kan siririyar wayar ƙarfe don kar ta yi duhu. Hoto ya fito tsaf. Kuma Pearl baya kama shatin yatsa, wanda a gidajenmu ba ƙaramin abu ba ne, hoto sai ya zaga hannu ashirin, wani ma da maiƙon miya a hannunsa. Abin da kawai zan ce shi ne launinsa baƙi ne tsantsa mai ɗan sanyi, fuskar kawu ta fito daidai amma kamar hoton da za a liƙa a fayil ɗin ofis, mutumin yana nan, ɗumin jikinsa ne babu.

Na biyu shi ne FB Classic na Ilford mara ƙyalli, kuma a nan laifina ne, ni na zaɓi wannan fuskar don na ɗauka za ta fi yin kama da hoton da. Kati mara ƙyalli baƙinsa baya yin zurfi, haka halittarsa take, kowane kamfani ne ya yi shi. A tire cikin ruwa sai ka ga hoto kamar ka yi ihu don kyau, da ya bushe kuwa sai kawu ya fito furu-furu kamar wanda ya fita da hunturu bai shafa mai ba. Ga mai hasken fata ko hoton jariri zai iya yin kyau, amma baƙar fata tana son baƙi mai zurfi a gefenta don ɗan ƙyallin goshi da na kumatu su samu abin jingina.

Sai na ukun, wanda saboda shi ma nake wannan dogon surutu, Multigrade FB Warmtone mai ƙyalli, shi ma na Ilford. Kar kalmar ƙyalli ta tsorata ka, in ka bar FB ya sha iska ya bushe da kansa ba ya walƙiya irin ta leda, wani sheƙi yake yi a hankali kamar fatar da ta sha man kaɗanya. Katin yana da nawa wajen ɗaukar haske, sai da na kusan ninka lokacin da na ba RC, kuma a tire ma baya gaggawa. Ina tsaye ƙarƙashin jar fitila ina girgiza tiren, sakan talatin ba komai, sai ga idanu sun fara lekowa, sai inuwar ƙarƙashin rawani, can wajen minti biyu sai ga tsagen da ke kumatunsa ɗaya bayan ɗaya, da furfurar gemu kowane gashi da kansa, da wata jijiya a gefen goshi da wallahi ban ma san tana cikin nagatif ɗin ba. Baƙin nasa yana da ɗan ja-ja kamar gahawa, kuma abin da ya fi burge ni shi ne cikin inuwa baya cushewa, gefen fuskar da baya samun haske daga ƙofar zaure yana nan da matakansa, duhu, mai bi masa, mai bi masa. Na ɗan tsoma shi a siliniyom, wani maganin gyara launin hoto, na mintuna kaɗan, baƙin ya ƙara zama, launin ya karkata zuwa ruwan ƙasa. A sa safar hannu a buɗe taga in za a taɓa wannan maganin, guba ne.

Amma fa akwai biyan bashi. Na farko, FB yana ƙara duhu in ya bushe, musamman wajen fari. Na wanke guda uku da daddare ina ta murna rigar ta yi fari da aikinta, da safe na tarar duk sun yi dusu-dusu kamar rigar da ta kwana biyu a jiki. Tun daga ranar duk ɗan yankin gwaji sai na busar da shi da abin busar da gashi na matar gida kafin in yanke hukunci, sannan in rage hasken kaɗan. Na biyu ruwa. Wankin FB awa ɗaya ne cikin ruwa mai gudu, ni kuma a wajen ƴan garuwa nake sayen ruwa, ka ga lissafin ba zai yiwu ba. Abin da ya cece ni shi ne tsarin da Ilford ɗin suka bayar da kansu, fiksa mai ƙarfi kashi ɗaya cikin ruwa huɗu na minti ɗaya kacal, wankin minti biyar, minti goma cikin Washaid, maganinsu mai taimakawa fiksa ta fita daga takardar da wuri, sai wani wankin minti biyar. Na uku nannaɗewa, in iskar hunturu ta busa shi sai ya kanannaɗe kamar tabarma, sai ya kwana biyu ƙarƙashin manyan littattafai kafin ya yarda ya kwanta. Ga zafi kuma, magungunan nan a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius aka tsara su, a watan Afrilu kuwa ruwan randa ma ya wuce haka nesa, sai na dinga jera tiren cikin babban faranti da ƙanƙara.

Na huɗun Fomatone MG Classic ne na Foma, ba zan daɗe a kansa ba. Ya fi na Ilford ja, takardar kanta ruwan madara ce, kuma ya fi shi nawa, sai ka ƙara haƙuri a ƙarƙashin inlaja. Yana tuna min hotunan situdiyo na da da ake samu a ƙasan akwatin iyayenmu mata. Na gwada shi da hoton goggona cikin atamfa mai duhu ya yi kyau ƙwarai, amma ga kawu farar rigarsa ta koma kamar wadda ta tsufa, shi kuwa mutum ne da baya wasa da shuni da guga.

Wanda yake farawa dai ya sayi RC Pearl, kwali mai kati ɗari na inci 8x10, ya ɓata iya ɓatawa a kansa har hannunsa ya faɗa, don in ka koyi aiki a kan Warmtone aljihunka zai yi kuka, tsadarsa ta fi ta RC nesa ba kusa ba. Ni yanzu haka nake yi, duk gwaji da hotunan rabawa dangi a RC, in na tabbatar da yadda nake son hoton sai in ciro Warmtone guda biyu ko uku, in sake gwajin haske tunda saurinsu ba ɗaya ba. Sauran kwalin kuma yana cikin leda biyu a ƙasan firji, don zafi yana tsufar da kati ya sa farinsa ya yi hazo.

Da na kai wa kawu nasa ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sai ya ce "kai yaro, har tsagen nawa ka ƙirga?" Ya sa aka ɗauko firam ɗin da hoton aikin hajjinsa yake ciki a gwada ko zai shiga, bai shiga ba, na 11x14 na yi masa, yanzu sayen firam ma ya dawo kaina.