Na sayi kayan wanke bindiga saboda kwanso ya ƙi fita

Bindigata mai baki ɗaya ce, Baikal ƙirar Rasha, lamba 12 a ma'aunin faɗin bututu, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi guda. Tana da lasisi, tun ina koyarwa nake sabunta shi. Farautar tawa ta marmari ce: makwarwa da zabin daji bayan an kwashe amfanin gona, wani lokaci kuma kirinjijiya a wajen Daberam kafin ruwa ya ja baya. Shekara da shekaru ba ta taɓa ba ni kunya ba sai kakar bara.

Na harba, na karya ta kamar kullum, kwanson harsashin ya ce ba inda za shi. Ɗan haƙorin nan da ke ɗago gindin kwanson ya zame ya wuce ta gefensa, ya bar shi liƙe kamar an sa masa ƙaro. Na sa farce, na sa bakin wuƙa, a banza. Sai da na saro reshen bedi miƙaƙƙe na zura ta baki na bugo shi. Zabin kuwa tuni sun kama gabansu. A fita ta gaba abin ya sake faruwa sau biyu cikin harbi biyar.

Ɗana na biyu, mai karatu a Katsina, shi ya fara yanke hukunci. "Baba, sifirin ne ya mutu," in ji shi, ya buɗe mini YouTube. Amurkawa ne da dogayen bindigogi masu cin harsashin ƙaramar bindiga, milimita 9. A irinsu ƙarfin harbin ne ke tura ƙarfen ciki baya, wani ɗan farce ya jawo kwanson, wani ƙarfe kuma ya doke shi ya fita ta taga. Na ce masa, yaro, tawa ba ta jifa da kwanso, ɗagowa kawai take yi in sa hannu in cire. Amma ban tashi a tutar babu ba. Mutanen sun raba cutar biyu, ko dai kwanso ya maƙale a mazauninsa tun farko, ko ya fito ya rasa hanyar waje, kuma kusan duk wanda ya yi magana da datti da harsashi yake farawa kafin ya taɓa batun sayen ƙarfe. Da wannan muka yi odar akwatin kayan wanki ta intanet, ya iso Daura cikin kwana tara.

A ciki akwai sandar alminiyam gaɓa uku da ake murɗawa a haɗa, burushin tagulla, burushin ulu, ɗan kai mai tsaga na saƙala tsumma, sai kwalbar mai da ba ta fi ta turaren ɗan goma ba. Sandar ce ta fara ɓata mini rai. Rana ta biyu wurin murɗawar gaɓa ta tsakiya ya lashe, yanzu da zaren roba nake ɗaure ta. Wanda ya ƙera ta bai taɓa tura burushi cikin bututun da ya shekara ba a wanke ba.

Babban aibin kayan yana wurin da na fi bukatarsu. Bututun lamba 12 faɗinsa wajen milimita 18 da rabi ne, amma mazaunin harsashi ya ɗara milimita 20, saboda kaurin kwanson. Burushin da suka sa na bututu ne. Idan ka zura shi a mazaunin sai ya yi ta lilo, bai taɓa bango sosai. Ga shi kuma a nan ciwon yake: da na haska tocila na ga tsatsa ja-ja da wani baƙin danƙo sun yi zobe daidai inda gindin kwanso ke zama. Lokacin harbi gindin yakan ɗan buɗe ya manne da bango, sannan ya saki. Idan bangon santsi ne sai ya zamo ya fito. Idan ya yi kaushi sai ya riƙe, haƙorin kuma ba shi da ƙarfin ɓamɓaro shi.

Wani dattijon maharbi na wajen Sandamu ne ya warware mini. Na kai masa bindigar a karye, babu komai a ciki, ya sa ɗan yatsa ya shafa, ya shinshina.

"Malam, da wane mai kake shafa ta?"

"Na inji, Baba. In babu, na gyaɗa."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce man gyaɗa na ƙosai ne. Yana daɗewa sai ya yi danƙo, hunturu ya zo ya zuba masa ƙura, damina ta zo ta ƙara da laima. Ya yago tsohuwar shadda, ya naɗe burushin tagullar da ita har ya cika mazaunin, ya ɗiga man kwalbar, ya yi ta murzawa yana sauya tsumma. Na farko ya fito kamar gindin tukunya. A na shida aka fara ganin hasken ƙarfe. Ya sa tsinke ya sakace ƙarƙashin haƙorin, abin da ya fito ya isa cika kan ashana uku. Daga ƙarshe ya goge mazaunin ya bushe ƙarau, ya ce nan ba a barin mai in za a fita.

Sai ya ce in nuna masa harsashin. Nan na ji kunya ta biyu. Kwalin na ajiye shi a ɗakin ƙasa kusa da randa tun kafin marka. Gindin harsashin da muke ɗauka tagulla ce, yawancinsa ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Ya ɗauko mayen ƙarfe ya nuna mini yana kamawa. Guda bakwai sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa, biyu sun kumbura har sai an danna suke shiga. Ya ware su gefe. Ya kuma sa na karanta abin da aka buga a jikin bututun, don a tabbatar tsawon harsashin bai wuce na mazaunin ba. Tawa ta milimita 70 ce. Ana samun na 76 a kasuwa, yana shiga lafiya lau tunda bakinsa a naɗe yake, sai an harba ya rasa wurin buɗewa, kuma wannan ya wuce maganar maƙalewa, ana iya rasa yatsu.

Haƙorin kansa ya ɗan ci a baki. Na so in sa zarto in gyara, dattijon ya hana. Dokar bindigogi ta 1959 ma ba ta bar gyara a hannun kowa ba sai mai izini, kuma a halin da jiharmu ke ciki ba na son a gan ni da ita a rumfar maƙeri. Na bar shi yadda yake, tunda yana aiki.

Man kwalbar na yaba masa. Bai da kauri, bai yin danƙo, sai dai ya ƙare a wanki na huɗu. Burushin ulu yana shafa mai daidai a bututu. Na tagullar har yanzu gashinsa bai kwanta ba. Wanda zai saya, ya tambaya ko akwai burushin mazaunin harsashi a ciki, ya kuma nemi sanda mai gaɓa ɗaya ko ta tagulla. Da na san haka da burushi da mai kawai zan saya in huta.

Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu na yi harbi goma sha tara, kwanso ɗaya ne ya yi gardama, shi ma daga tsohon kwalin ne da na ƙi zubarwa saboda tsada. Sauran harsashin yanzu suna cikin gwangwanin madara mai murfi, a saman durowa, nesa da randa.