Funfunar da ta kunyata ni a Jamus

'Yan'uwa, a hunturuna na farko a Jamus mai gidan da nake haya ya zo duba ɗakina, ya janye kabad ɗin tufafi daga jikin bango, sai ga baƙar funfuna ta mamaye wurin. Ya zaro wata 'yar na'ura ya auna laimar ɗakin, ta haura kashi 70 cikin ɗari, alhali ana son ta tsaya tsakanin 40 da 60. Daga nan ya shiga koya mini yadda ake buɗe taga, kamar wanda bai taɓa kwana a ɗaki ba, abin da har yau yake sosa mini rai.

Sai dai yana da gaskiya. Tsoron sanyi ya sa na yi makonni ban buɗe taga ba, ina kuma shanya wanki a ciki. Tagogin Jamusawa gilashi biyu ne ko uku a haɗe, babu kafar da iska za ta kurɗa, saboda haka tururin numfashi da na wanka yakan taru ya zama raɓa a inda bango ya fi sanyi, funfuna ta samu wurin zama. Ƙa'idarsu ita ce a wangale tagogi na minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana. Tun a 1858 wani masaninsu, Max von Pettenkofer, ya nuna cewa iskar ɗaki ta gurɓata idan kabon dayoksaid, wato iskar da muke fitarwa a numfashi, ya wuce kashi 1,000 cikin miliyan. 

Wannan ya sa nake kewar ɗakin ƙasa mai kaurin bango, wanda yake riƙe sanyin dare har azahar ba tare da lantarki ba. Mun watsar da shi mun koma ga siririn bulo da rufin kwano, sau da yawa babu ko silin, da 'yar taga guda, sannan mu kwana muna gumi muna zargin rana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu tayar da janareta a baranda su rufe ƙofa, ga shi kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin janareta, ba shi da wari balle launi, yakan kashe iyali suna barci. Ni dai na sayi irin na'urar mai gidan, kabad ɗin kuma na matsar da shi taƙi guda daga bango.