VPN ko Tor: wanne ne ke hana shafuka gane ka?

Malam, ka tambaya dalilin da ya sa tallar takalmin da ka duba take bin ka daga shafi zuwa shafi, alhali ka kunna VPN kuma ka goge kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka don su gane ka), sannan ka ce ko Tor, wato tsarin ɓoye mai shiga intanet da ke da tasa burauzar, zai fi maka. Aikin kowannensu daban ne.

VPN adireshin IP ɗinka yake ɓoyewa, wato lambar da ke nuna daga inda kake shiga intanet. Yawancinmu a Bauchi mun san shi ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter, kuma ya biya buƙata a lokacin. Sai dai shafuka ba adireshi kaɗai suke kallo ba, domin burauzarka da kanta tana faɗa musu ƙirar wayarka, girman fuskarta, harshen da ka saita, agogon yankinka, har da yadda take zana wani ɗan hoto da ba ka gani, kuma idan aka haɗa waɗannan duka sai su zama tamkar zanen yatsa. A 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta gwada burauza sama da 470,000, ta samu kusan kashi 84 cikin 100 kowace ba ta da mai kama da ita. Duba lamarinka: kana zaune a Wunti da Tecno a hannu, VPN yana cewa kana Jamus, agogon wayar kuwa yana kan lokacin Legas. Wannan saɓanin ma ƙara fito da kai yake yi.

Tor ya bi ta wata hanya. Yana ratsa da bayananka ta kwamfutoci 3 kafin su isa shafin, sannan an gina burauzarsa yadda masu amfani da ita za su yi kama da juna, har girman tagar yake daidaitawa. Kariyarsa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma yana da nauyi, musamman inda sabis ba shi da ƙarfi, kuma wasu shafuka sukan tare shi ko su dame ka da tantancewa. Ga ɗan jarida ko mai binciken abin da ka iya jawo masa matsala, wannan wahalar ta cancanta.

Don hidimar yau da kullum ni burauzar Brave ko Firefox nake ba da shawara. Brave tana ɗan sauya bayanan da take bayarwa daga shafi zuwa shafi, Firefox kuma tun 2020 take toshe sanannun kamfanonin da ke tattara wannan shaida. Ka haɗa ɗaya da VPN mai aminci idan kana kan Wi-Fi na jama'a.

Amma muddin ka shiga Facebook ko Gmail da sunanka, babu ɗayansu da zai ɓoye ka, domin kai ne ka gabatar da kanka. Ka ware burauza ɗaya don asusunka, wata don bincike, sannan ka gwada kowace a shafin Cover Your Tracks na EFF ka ga sakamakon da idonka.