Kundin waƙoƙin kashi na biyu: kiɗan ya ratsa ni, jerin ne da gyara

Makon jiya na sayi kundin waƙoƙin kashi na biyu na wani fim na soyayya da barkwanci, kuma har yau ban gaji da shi ba. Kiɗan taron makaɗa ne ya fi kama ni. Taken da fiyano kaɗai ya riƙe a fim na farko, yanzu an miƙa shi ga masu goge irin na Turawa, manyan gogen suna amsawa daga ƙasa da murya mai kauri. Akwai inda duk suka yi tsit, sarewa ɗaya ta rage, har ana jin mai busa yana jan numfashi. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Akwai kuma tsofaffin waƙoƙi a kundin, na shekarun 1960 ne, gajeru, yawancinsu ba su kai minti 3 ba, irin na ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti. Ba a share ɗan shuuu ɗin tef ɗin ba, kuma na ji daɗin haka sosai.

Ƙorafina ɗaya ne. An cusa waƙar rawa daf da bayan kiɗan rabuwa, zuciya ba ta gama sauka ba sai ganga. Ni dai tsallake ta nake yi, in dawo mata daga baya.