Zanen Furanni da Kayan Marmari a Firam: Wanne Za Ka Saya?

Wanda yake son ƙawata falonsa ba tare da ya rataye hoton mai rai ba, zanen furanni da kayan marmari ya wadatar da shi. Sai dai a ƙura ido kafin a biya kuɗi. Masu zanen Holan na ƙarni na 17 da na 18, irin su Rachel Ruysch, sukan saka malam-buɗe-littafi ko dodon koɗi a tsakanin ganye, wasunsu kuma har ƙoƙon kan mutum ko kofin giya suke ɗorawa a kan teburin. Zanen kwandon inabi da tuffa da ɓaure na Caravaggio, mai zanen Italiya, wanda ke Milan, ba shi da ko ɗaya daga ciki. Haka furannin rana da Van Gogh ya zana a garin Arles na Faransa a 1888.

A cikin kwafin irin waɗannan zane da ake sayarwa, mafi araha shi ne wanda aka buga a kan takarda mai sheƙi. Ranar farko yana da kyau, amma tawadarsa ba ta jure haske, ruwan ɗorawa da ja su kan riga sauran koɗewa. Ni dai na fi son bugun da ake kira giclée, na tawada mai garin launi a kan takardar auduga mai kauri. Ya fi tsada, amma a nan ne za ka ga tabon da ke jikin tuffar Caravaggio da busasshen ganyen da ya naɗe. Zanen Van Gogh kuwa ya fi dacewa da kyanbas, wato yadi mai kauri da ake zane a kai, tunda asalinsa fenti ne mai kauri. Kwafin da aka zana da hannu, ingancinsa na hannun mai zanen ne, don haka kada ka yarda sai ka ga ainihin wanda za a ba ka.

Tambayi girma. Furannin rana na Van Gogh da ke gidan zane na National Gallery ta Landan kusan santimita 92 ne a tsaye, 73 a kwance. Wasu masu sayarwa sukan datse gefe don ya shiga firam ɗin da suke da shi, har gindin tulun ya ɓace. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai.

Idan daga waje za a aiko, gara a naɗo bugun cikin kwali mai kama da bututu, mai firam na garinku ya ƙarasa aikin, domin gilashi yana ƙara nauyi kuma yana fashewa a hanya. Ka ce masa ya sa kwali tsakanin takarda da gilashi don kada su manne da damina, ya kuma liƙe bayan sosai saboda ƙurar hunturu. Katako na gaske ya fi na matsattsen gari, wanda ke kumbura da zarar ya sha laima. Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam yana barin kowa ya sauke daga intanet hotunan tsofaffin zanensa masu inganci kyauta, sai ka kai wa mai bugawa da ka amince da aikinsa.