Sharhi a kan shakazobar roba ta mahaɗin tarago, bayan ta ga zafin bazara da ƙurar hunturu

Sana'ata gyaran taragan kaya ce, kuma abin da zan yi sharhi a kansa abu ne da fasinja ba ya ganinsa, mai kaya ma ba ya tambayarsa sai buhunan simintinsa sun iso a fashe. Ina nufin shakazobar da ke bayan mahaɗin tarago, wadda ke shanye ƙarfin fizga da na karo tsakanin tarago da ɗan'uwansa. Kamfanin da nake yi wa aiki ya cire tsohon samfuri mai sifirin da weji daga wani rukunin taraganmu, ya sa sabo mai faifayen roba, kuma yanzu da sabon ya daɗe a kan layi har ya sha zafi da ruwa da ƙura, ina ganin akwai abin faɗi. Hukuncina shi ne samfurin ya cancanci kuɗinsa ga taragan da ke ɗaukar kaya masu gudun girgiza, amma bai kai yabon da dillalin da ya kawo mana shi ya yi masa ba.

Mahaɗin da ke jikin taraganmu irin mai muƙamuƙi ne, wanda Ba'amurke Eli Janney ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1873, kuma shi ne ya mamaye Amurka da Sin. Ya bambanta da tsarin yawancin ƙasashen Turai, inda ƙugiya da sarƙa mai zare ke ɗaukar ja, faranti biyu na gefe kuma su karɓi karo. A namu tsarin komai ta tsakiya yake bi. Wuyan mahaɗin yana shiga cikin ƙashin bayan tarago, wato dogon ƙarfen da ya bi tsakiyar ƙasansa, wani maɗaurin ƙarfe ya rungumi shakazobar, ita kuma tana zaune a cikin aljihu mai tsawon kimanin milimita 625 tsakanin matokarai na gaba da na baya. Hikimar wannan zama ita ce ko jan tarago aka yi ko tura shi, matse shakazobar ake yi, ba a taɓa miƙe ta. Duk tafiyar da aka ba ta ba ta wuce milimita 83 ko kusa da haka ba, kuma a cikin wannan ɗan taƙi ne za ta tare nauyin tan tamanin. Matsayinta matsayin gammo ne ga mai ɗaukar kaya, ba ta rage nauyi, tana dai hana shi sauka a kan ƙashi gaba ɗaya.

Tsohon samfurin ba abin rainawa ba ne, kuma ba na son a ɗauka cewa don ya tsufa aka cire shi. Idan aka matse shi, wejin yana tura wasu takalman ƙarfe su goga da bangon kwanson da ya rufe su, gogayyar ta mayar da mafi yawan ƙarfin karon ya zama zafi, sifirin kuma ya dawo da komai mazauninsa. Saboda haka kaɗan ne daga cikin ƙarfin ke komawa ga tarago. Matsalarsa a wurinmu ita ce cijewa. Taragon da ya yi damina a ajiye, tsatsa da laka suka shiga tsakanin takalman da bango, yakan fito da shakazoba a maƙale a matse, ta bar gibi a cikin aljihu, mahaɗin ya riƙa kai da komo a banza yana dukan matokarai har walda ta tsage. Akwai kuma ɓarnar masu kyakkyawar niyya, domin yaron gyara da ya ji ƙarfe na ƙara sai ya lafta masa giris, alhali giris shi ne abin da ke kashe wannan samfuri, tunda da gogayya yake aiki.

Sabon ba shi da weji ba shi da takalma. Faifayen roba ne masu kauri a jere, kowanne an raba shi da na kusa da farantin ƙarfe, a cikin kwanso guda. Sanya shi bai ba mu wahala ba, domin ya zo daidai da ma'aunin aljihun, bai buƙaci yanka ko ƙarin walda ba, kuma ya fi tsohon sauƙin ɗagawa a kan jak. Ya iso a ɗan matse tun daga masana'anta don ya shiga aljihu, sai karon farko ya sake shi ya cika wurin. A nan dole in gargaɗi duk wanda zai taɓa shi: abin da ke matse haka yana riƙe da ƙarfin da zai iya cire hannu, kuma ba a zare shi daga aljihu da guduma da ƙarfen banƙara, sai da jak mai mai da aka yi domin wannan aiki.

A kan layi ne bambancin ya fito sosai. Kowane mahaɗi yana da ɗan sako-sako, kuma idan kan jirgi ya ja dogon jeri, wannan sako-sakon yana taruwa daga tarago zuwa tarago, har na ƙarshe ya tashi da fizgar da ta fi ta na farko nesa ba kusa ba. Haka kuma idan aka taka birki, taragan baya suna rugowa su daki na gaba kafin birkinsu ya kama sosai. Waɗannan ƙananan duka, waɗanda ke faruwa a kowane hawa da gangara, su ne tsohon samfurin ba ya ji da kyau, domin sai ƙarfi ya kai wani mataki kafin takalmansa su motsa, abin da bai kai ba kuwa yana wucewa kai tsaye cikin jikin tarago. Roba tana amsawa tun daga ƙaramin matsi. Na lura buhunan da ke jikin bangon ƙarshen tarago sun rage fashewa, kayan da aka jera sun rage zamewa, kuma direbobinmu da masu haɗa taragai sun ce ƙarar da ke bin jeri lokacin tashi ta yi laushi. Ban sami ko ɗaya da ta cije ba bayan ƙurar hunturu, kuma wannan kaɗai ya rage mana aiki mai yawa.

Inda na saɓa da dillalin shi ne iƙirarinsa cewa da wannan shakazoba an daina damuwa da saurin haɗa taragai a tasha. Lissafi bai yarda da shi ba. Tarago mai tan 80 da ke tafiyar kilomita 8 a awa yana ɗauke da ƙarfin motsi kusan kilojul 200 (kilojul shi ne ma'aunin wannan ƙarfi), kuma idan ya daki irinsa da ke tsaye ba birki, kusan rabin wannan ne shakazoba biyu za su raba, wato kowacce ta sami kimanin 50. Wannan ya kai iyakar samfura da dama da ke kan taragan kaya. Sanannen samfurin Sin mai suna MT-2 kilojul 50 aka rubuta masa, farantin Turai na rukunin A kuwa 30. Ƙarfin motsi yana ninkuwa huɗu idan sauri ya ninku biyu, saboda haka ƙarin kilomita 4 kacal, daga 8 zuwa 12, ya fi ninka nauyin da ke kan kowace shakazoba. Da zarar ta ƙure tafiyarta ta zama dunƙulen ƙarfe, ragowar kuma ƙashin bayan tarago ne zai sha. Na ga matokaran da suka lanƙwashe a bayan sabuwar shakazoba lafiyayya, kuma laifin na wanda ya saki taragon da gudu ne.

Robar kanta tana da nata aibu. Tana mayar da ƙarfi fiye da tsohon samfurin, don haka bayan karo mai ƙarfi taragon yakan yi tsalle baya, abin da masu aikin ƙasa ya kamata su sani kafin su kusanci tsakanin taragai. Zafi ma ba ya yi mata daɗi. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Arewa, ƙarfen tarago kuma ya fi haka, robar tana yin laushi ta ƙure da wuri, kuma a kan wasu taragan da suka fi shan lodi na fara ganin faifayen ba sa komawa kaurinsu na asali, wanda shi ne mafarin sabon gibi a aljihu. Mai da dizal suna cin ta, shi ya sa ba zan ba da shawarar sa irin wannan roba a ƙarƙashin tankokin mai masu yoyo ba, sai in masana'anta ta tabbatar a rubuce cewa haɗin robarta yana jure mai. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wani kaso na kayan ya iso ba tare da hatimin ranar ƙira ba, alhali roba tana tsufa ko a ajiye take a sito, kuma takardar bayanin da aka haɗo ba ta faɗi girman gibin da za a gani a ce lokacin canji ya yi ba.

Ga mai taragan siminti, taki, tayil ko kwantena da ke tafiya a jeri matsakaici, ina ganin canjin yana biyan kansa ta fuskar kayan da ba su lalace ba da ranakun da tarago bai kwana a rumfar gyara ba. Ga mai jan tama ko dutse a jeri mai tsawo da nauyi, na fi karkata ga samfurin da ya haɗa weji mai gogayya da faifayen roba a madadin sifirin, domin yana shanye babban karo ba tare da mayar da shi ba. Duk wanda zai saya ya nemi ranar ƙira a jikin kowace guda, ya nemi takardar gwajin da ke nuna kilojul nawa take shanyewa kuma a wane zafi aka gwada ta, sa'an nan ya sa auna gibin aljihu cikin jerin abubuwan da ake dubawa duk lokacin da tarago ya shigo duba birki.